Abin da wainar biki ta yi min bayan watanni ina keto

Tuwon kabeji ba tuwo ba ne. Duk wadda ta ce miki ɗaya suke da tuwon shinkafa ba ta gaya miki gaskiya ba. Amma shi na riƙa ci da daddare na tsawon watanni. A markaɗa kabeji, a matse ruwan, a ɗora a wuta, a barbaɗa masa garin siliyom, wato ɓawon wani ɗan iri mai yauƙi, don ya haɗe jikinsa, a tuƙa a kwashe. In aka dace da miyar kuka ko ta kuɓewa da man shanu, yana wucewa. Da safe ƙwai da zogale, ko soyayyar awara, da shayi ba suga. Da rana kifi ko kaza da ganye. In kwaɗayi ya motsa sai in aika a sayo min balangu. Shinkafa, taliya, burodi, doya, fura, koko, kunu, har ayaba da mangwaro, duk na yi musu sallama.

Ƙa'idar keto, tsarin abincin da ya kai ni ga tuwon kabejin, ita ce kada abin da mutum zai ci na sitaci da suga ya wuce giram 50 a yini, masu tsanantawa ma a giram 20 suke tsayawa. In jiki ya nemi suga ya rasa, sai hanta ta koma sarrafa kitse tana fitar da wani sinadari da ake kira kiton, ƙwaƙwalwa da tsoka su riƙa aiki da shi. Ni nauyin da ya zauna min bayan haihuwa ne ya kai ni, ga gwiwa ta fara ƙorafi, ga ciwon suga a dangi, don Hajiyarmu ta daɗe tana fama da shi. Makon farko na sha wuya: ciwon kai, kasala, fitsari ba ƙaƙƙautawa. Daga nan jiki ya saba. Yunwar nan ta hantsi ta ɓace, barcin bayan azahar ya tafi, kaya suka fara yi min yawa.

Ƙawar da ta shigar da ni harkar tana yawan cewa ba laifi mutum ya ware rana guda ya saki jiki ya ci abin da ransa ke so, washegari ya koma. Asalin tsarin dai bai san da wannan ranar ba. A 1921 wani likita mai suna Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya fito da shi, kuma don yara masu farfaɗiya ya yi, ba don masu son rage ƙiba ba. Su auna musu abincin ake yi da sikeli, kuma in za a cire yaro daga kai, a hankali ake cire shi, ana ƙara masa sitaci kaɗan-kaɗan na makonni.

Ranata ta zo ne a bikin 'yar Gwaggona a Zariya. Na tafi da shirina, dafaffen ƙwai da gyaɗa a jaka. Ranar kamu na tsallake lafiya, na tsinci nama a faranti na ture shinkafar gefe. Ranar yini ce ta gagara. Ina zaune a tsakar gida ana ta suyar waina, Gwaggo ta zo ta tsaya a kaina.

"Ke 'yar nan, tun jiya nake lura da ke. Abincin gidanmu ne ba ya ciyuwa, ko laifi muka yi miki?"

"Wane ni, Gwaggo. Wani tsarin abinci nake bi."

"Tsari? A bikin ƙanwarki? Ungo nan, da hannuna na soya."

Wanda ya san Gwaggo ya san magana ta ƙare. Waina ce da zafinta daga tanda, gefenta ya yi ƙayau, ga miyar taushe ta ji kabewa da tantaƙwashi. Na ce biyu zan ci. Da biyun suka wuce sai aka kawo sinasir. Aka kawo dafa-duka. Wata ta zo da alkaki tana cewa a ɗanɗana a ji ko ya yi. Na kora da zoɓo mai sanyi, wanda ya ƙare na ɗora da lemon kwalba. Abin da na fara lura da shi shi ne zaƙin. Harshen da ya yi watanni bai ga suga ba, zoɓon nan ya yi masa zaƙi har ya hau kai, amma hakan bai sa na ajiye kofin ba.

Daga baya na zauna na yi lissafi. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana ɗauke da sitaci kimanin giram 28, farantin biki kuwa ba ya gaza giram 300. Ƙaramar kwalbar lemo tana da suga kusan giram 37. Waina da sinasir shinkafa ce zalla, kuma da suga a ƙullun. Alkaki alkama ce da aka tsoma a ruwan suga. Tsakanin azahar da la'asar na zuba wa cikina abin da a ƙa'idar da nake bi ya isa a raba shi a mako guda.

Ba a yi awa ɗaya ba na ji zuciyata tana bugawa har a kunne. Fuskata ta ɗau zafi, maƙoshi ya bushe, ina shan ruwa ƙishin bai tafiya. Sai wani irin barci mai nauyi ya rufe ni, ana kiɗan ƙwarya a gabana amma ina jin sa can nesa. Ciki ya kumbura tim, na shiga ɗaki na sassauta zani. La'asar ɗin ranar a daddafe na yi ta, in na yi ruku'u sai in ji abincin ya taso min har wuya. Duk mai azumi ya san wannan nauyin, wanda ke kama mutum in ya sha ruwa ya haɗa kunu da ƙosai da shinkafa a zama ɗaya, har tarawih ta gagare shi. To, a ninka shi sau uku.

Hajiya ba ta rabuwa da na'urarta ta gwajin suga. Da ta ga yadda nake haki sai ta ce in kawo yatsa. Mai lafiya, bayan awa biyu da cin abinci, sugarsa kan dawo ƙasa da 140. Nawa ya haura haka nesa ba kusa ba. Hajiya ta dubi lambar, ta dube ni, ta yi salati. Na san abin da ke ranta, don shi ne a raina: gadon ya iso.

Dab da magariba kuma sai abin ya juye. Hannuna ya kama rawa, gumi mai sanyi ya keto min, gwiwoyi suka saki, ga wata irin yunwa ta fitar hankali a cikin da ko awa huɗu bai yi da cika ba. Aka sake gwadawa, sugar ta gangaro har dab da 70. Hajiya ta san wannan alamar ciki da bai, ta miƙo min dabino. Da daddare ciki ya ɗauka: ƙugi, iska, ƙwarnafi, sai zawo. Ana shirin kai amarya ni ina zaryar banɗaki. Da asuba na tashi da ciwon kai, fuska ta kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Da na koma gida na hau sikeli, kusan kilo biyu ya ƙaru.

Gidan biki ba ya rasa likitoci. Wata ta ce maleriya ce, a aika kemis. Wata ta ce shawara. Wata ta kashe ido ta ce ko dai ƙaruwa aka samu. Gwaggo kuwa ta tsaya kai da fata baki ne, wai tun da na shigo kowa sai ya ce na rame na yi kyau, ba mai cewa tubarkalla. Na kira ƙawata, ita kuma ta ce ai shi ke nan na gani da idona, jikina ya wanku, yanzu yana nuna min sitaci guba ne.

Allah Ya taimake ni akwai likita na gaske a gidan, ɗan wan babanmu, muna ce masa Yaya Likita. Bai fara da bayani ba, da tambaya ya fara. Cikin waɗanda muka ci tare, akwai wanda cikinsa ya ɓaci? Babu. Zazzaɓi fa? Babu. Amai? Tashin zuciya dai. Ina jin ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, mai harbawa zuwa baya ko kafaɗa? A'a. Ina shan wani magani? Ya batun al'ada? Ya ce tambayar farko don gurɓataccen abinci ce, wanda ba baƙo ba ne a taron biki, kuma kada in bari keto ya rufe min ido a kansa. Ta haƙarƙari kuma don matsarmama ce, domin wanda ya yi saurin zubar da nauyi yana iya tara tsakuwa a cikinta, kuma abinci mai maiƙo ne ke tayar da ciwon.

Da ya gamsu sai ya ce, "Ƙanwata, wannan lambar da ta tsorata Hajiya ba ta isa a ce kina da ciwon suga ba. Ba ta kuma isa a ce ba ki da shi ba. A yanayin da kike, gwajin ba ya faɗin gaskiya."

Bayanin da ya yi min shi ne abin da ya fi tsaya min a rai cikin lamarin duka. Jikin da ya daɗe ba ya samun sitaci yana sauya tsarin aikinsa. Tsoka takan koma ƙona kitse, ta rage karɓar suga, don 'yar sugar da ke akwai ta wadaci ƙwaƙwalwa da jini. Fankiriyas, gaɓar da ke fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ita ma takan sassauta, tunda ba a nemanta da aiki mai yawa. In aka kwararo suga lokaci guda, insulin ba ya fitowa da saurin da ya saba, tsokar ma ba ta amsa masa da wuri, sai sugar ta taru a jini. Nan ne bugun zuciya da ƙishi da barcin suka fito. Daga baya insulin ya fito da yawa a makare, a wasu mutanen har ya wuce gona da iri, sugar ta faɗi, rawar hannu da gumi su biyo baya. Ya ce wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun shekarun 1930 wani likita a Landan, Harold Himsworth, ya nuna cewa lafiyayyen mutum in aka rage masa sitaci, jikinsa kan kasa sarrafa suga yadda ya kamata, in aka mayar masa kuma ya dawo daidai. Shi ya sa har gobe in za a yi gwajin nan da ake ba mutum ruwan gulukos giram 75 ya sha, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, ƙa'ida ita ce ya yi kwana 3 yana cin sitaci aƙalla giram 150 a yini kafin ranar. In ba haka ba sakamakon na iya nuna ciwon da babu shi.

Batun kilo biyu kuwa dariya ya yi min. Kilo ɗaya na kitse yana daidai da kalori kusan 7,700, ba wanda zai tara kilo biyu na kitse daga abincin yamma ɗaya. Ruwa ne. Hanta da tsoka suna ajiye suga a matsayin gilaikojin, kusan giram 100 a hanta, kimanin 400 a tsoka, kuma kowane giram yana tafiya da ruwa kamar giram 3. Keto yana rage wannan ajiyar, shi ya sa a makon farko sikeli ke sauka da sauri mutum ya yi ta murna. Ranar da aka ci waina ajiyar ta sake cika, ruwan ya dawo. Bayan haka insulin yana sa ƙoda ta riƙe gishiri, gishiri kuma ya riƙe ruwa. Kumburin fuska da zoben da ya maƙale daga nan suke.

Cikin ma da dalilinsa. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji suna sauyawa gwargwadon abin da mutum ke ci, cikin 'yan kwanaki ma. In aka aiko musu da tulin sitaci da suga bagatatan, abin da bai narke da wuri ba sai ya yi tsami a can ya zama iska, sugar da ta yi yawa kuma ta jawo ruwa cikin hanji. Ga mai, ga yaji, ga lemo mai gas a kai.

Na tambaye shi ko akwai illa ta dindindin. Ya ce a 2019 masu bincike a Jami'ar British Columbia ta Kanada sun sa samari lafiyayyu 9 a kan abinci mai yawan kitse da ƙarancin sitaci na kwana 7, sannan suka ba su gulukos giram 75. A jininsu aka ga alamun da ke nuna bangon jijiyoyin jini ya ji jiki. Mutum tara ba su isa a yanke hukunci a kansu ba, kuma ba a bi su shekaru an ga me ya faru ba. Amma ya isa mutum ya yi tunani kafin ya mayar da wannan hawa da saukar al'adar kowace Asabar.

A nan muka rabu da ƙawata, har yau ba mu daidaita ba. Ita tana ganin rashin lafiyar hujja ce cewa shinkafa da gero cuta ne. Ni ban ga haka ba. Mutum nawa suka ci wainar nan a ranar suka tashi suka yi rawa? Kakanninmu da tuwo da fura suka rayu, suna noma suna daka suna tafiyar ƙasa. Abin da ya kwantar da ni yawan ne, da saurin, da kuma jikin da na yi watanni ina koya masa wani aikin daban. Ban kuma yarda da masu cewa hakan ya nuna keto ya lalata min jiki ba, don abin da ya biyo baya ya ƙaryata su.

A kwanakin farko abin da Yaya ya ce in yi ba shi da yawa. In sha ruwa. In zawon ya yi yawa in haɗa ruwan gishiri da suga in sha, kada in ce zai ɓata min keto, lafiya ce gaba. Kada in yi horon yunwa don in rama abin da na ci, in ci abincina na kullum. In riƙa ɗan takawa bayan cin abinci. Ya ce in amai ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya shigo, ko na ga jini, ko ciwon ciki ya tsananta a wuri ɗaya, ko ƙirji ya riƙe, asibiti kai tsaye. Cikin ya lafa da wuri, kumburin ya sace a hankali. Komawa keto ɗin ce ta zo da nata: ciwon kai da kasalar makon farko suka dawo, sai dai ba su kai na da ba, romon kaza mai gishiri ya taimaka. Abin da ya fi wahala kwaɗayi ne. Watanni na yi ina wuce mai burodi ko kallo bai ishe ni ba, amma a makon nan ƙamshin shayin yara da burodi sai da ya kore ni daga kicin.

Yaya bai bar maganar lambar nan ta wuce ba. Ya ce tunda ciwon yana gida, sai na yi gwaji na sosai a asibiti, da shirinsa. Wato dole in yi kwana 3 ina cin sitaci. Raina bai so ba, na ɗauka wahalar Zariya zan maimaita. Sai na rarraba shi: koko kaɗan da safe, shinkafa da wake da rana, ƙaramar malmalar tuwo da daddare, ba lemo ba alkaki. Ranar farko na ji nauyi da kumburi da ɗan barci. Ta biyu da sauƙi. Ta uku na ci shinkafata na tashi na ci gaba da aikina kamar ban taɓa barinta ba. Sakamakon gwajin ya fito, bayan awa biyu sugar tana ƙasa da 140. Hajiya ta yi hamdala ta raba sadaka.

Waɗannan kwanakin su suka koya min yadda zan tunkari Sallah. Tun ana saura 'yan kwanaki na fara saka wake da ɗan dankalin Hausa da acca a abincina. Ranar idi na karya da ƙwai kafin in fita, don kada in isa gidan mutane da yunwa. Da aka kawo abinci na fara da nama da ganye, wainar ta zo daga baya, domin fara cin nama da ganye kafin sitaci yana rage hawan suga. Na sha zoɓon da na haɗa da kaina ba suga. Yawon gaishe-gaishe kuma na yi shi a ƙafa inda ya yiwu, tafiyar minti goma sha biyar bayan cin abinci ma tana sa tsoka ta janye suga daga jini. Na ɗan kumbura da yamma, sikeli ya ɗaga washegari, iyakarta ke nan.

Hajiya da ta ga na rame ta ce ita ma za ta gwada tuwon kabejin. Yaya ya hana, kuma da kakkausar murya. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayoyin da ke sauke suga, in ya yanke sitaci bai gyara maganinsa ba, sugarsa na iya faɗuwa ya suma. In kuma an rage masa maganin sai ya je biki ya yi irin cin da na yi, ta yi sama ba mai tare ta. Akwai ma wani rukunin magungunan suga, irin su dapagliflozin da empagliflozin, da haɗa su da keto kan jawo kiton ya taru a jini ya zama guba, ko da na'ura tana nuna sugar ba ta hau ba. Mai juna biyu da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda su ma ya ce ba da ka za su shiga ba, sai sun zauna da likitansu.

Yanzu na sassauta. Lissafi na yi: a danginmu ba a wata biyu ba biki ko suna ko walima, kuma ba zan iya ce wa kowace gwaggo a'a ba. Tsarin da zai riƙa kwantar da ni duk sanda na ci abincin dangi ba zai yi min ƙarko ba. Na mayar da wake da acca da ƙaramar malmalar tuwo sau ɗaya a yini, na riƙe ƙwai da zogalena na safe. Nauyin yana sauka a hankali fiye da da, gwiwar dai ba ta dawo da ƙorafinta ba. Lemon kwalba ne kaɗai ban koma masa ba, shi ko a biki aka miƙo min sai in ce a ba ni ruwa.